Zagaye na Bakwai

Kaset ɗin bidiyon guda uku ne. Baba ya tsince su a but ɗin wata tsohuwar motar Amurka da aka kawo masa gyara a garejinsa na unguwar Zahir a Makka, tun ban gama wayo ba. Mai motar ya ce shi ma da su ya saye ta, ba ya so. Baba ya kawo su gidanmu na unguwar Utaibiyya yana zaton wa'azi ne, da aka saka sai ga motoci suna zagaya wani fili mai siffar ƙwai, wani Bature yana ta ihu da Turancin da ba mai ji a gidan. Umma ta tsaya ta kalla jim kaɗan, ta ce, "To, ina za su?" Baba ya ce ba inda za su. Ta ce Allah ya shirye su, ta koma kicin.

Shi kuwa Baba tun daga ranar ya kamu. Duk Juma'a, in ya dawo daga Harami aka ci abinci, sai ya saka kaset ɗaya. Yayyena maza ƙwallo ce a gabansu, don haka ni ce abokiyar kallonsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai uwata. Bai san sunan direba ko ɗaya ba, ya raɗa musu nasa: Mai Shuɗiya, Ɗan Ja, Sarkin Gaggawa. Da kunne yake kallo, irin na bakanike. Sai ya ɗaga yatsa ya ce, "Ji, uwata. Wannan injin ya yi zafi, ba zai kai ba." Can kuwa sai ka ga hayaƙi. Na yi shekaru ina ganin abin kamar duba, kafin in tuna ya kalli kaset ɗin ya fi sau ɗari.

Wata rana ya ce, "Kin lura kullum hagu suke bi? Kamar mu a ɗawafi." Umma ta jiyo shi daga kicin ta ce, "A'uzu billahi! Malam, ɗakin Allah kake haɗawa da wasan mahaukata?" Ya ce shi bai haɗa ba, hagu kawai ya ce. Ya kashe min ido.

Ina da shekara talatin da ɗoriya, aurena ya mutu na dawo gida, Baba ya faɗi a gareji. Shanyewar ɓarin jiki ce, ɓangaren hagu. Bakinsa ya dawo daidai, ƙafar tana ɗan ja idan an riƙe shi, amma hannun ya tafi. Babban yayana ya sayo masa keken da ake tura marasa lafiya, wanda a Makka muke cewa arabiyya. Baba ya dube ta sau ɗaya ya ce a fitar masa da ita. Ta koma bayan ƙofa, muka riƙa jibga mata dardumai.

Mutumin da tun zuwansa daga Kano yana saurayi bai taɓa barin Juma'a ta wuce bai yi ɗawafi ba, sai ga shi ya shekara biyu bai ga Ka'aba ba. Tsakaninmu da Harami kuwa tafiyar mota ce da ba ta kai a sha shayi a gama ba. In an yi masa magana sai ya ce, "Da ƙafata na zo garin nan. Ba za a tura ni gaban ɗakin Allah kamar buhun shinkafa ba." Umma ta ce masa girman kai rawanin tsiya ne, ya juya wa bango fuska. Kullum ƙara ramewa yake, magana tana raguwa. Ni tsorona ɗaya ne, kada ya mutu a ɗakin nan yana fushi da jikinsa, bai sake ganin Ka'aba ba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Zuciyarsa na gado kaf, ban bar ko kaɗan ba. Wata ranar Juma'a na tsaya a kansa na ce, "Baba, tsofaffi suna zuwa daga ƙarshen duniya a kan arabiyya suna kukan murna, kai kana nan kusa kana yi wa Allah yanga." Kafin in rufe baki na san na yi ɓarna. Ya ce, "Fita." Kwana tara bai kira ni uwata ba, in yana son ruwa sai ya ce wa Umma, "Gaya wa yarinyar nan." Na yi kuka a banɗaki har na gaji, amma haƙuri ya ƙi fita daga bakina.

Na'urar bidiyonmu ta daɗe da mutuwa, zafin Makka kuma ya manne zaren kaset ɗin. Da na rasa ta inda zan ɓullo masa, sai na shiga neman tseren a wayata. Na same shi, har da tarihinsa da Larabci. Bayan la'asar na zauna a bakin ƙofarsa, na yi kamar da Umma nake.

"Umma, ashe tseren nan na Baba a bakin teku aka fara shi, a kan yashi. Kuma da motocin gida, irin wadda mutum zai saya ya kai iyalinsa kasuwa."

Can daga wajen bango na ji an ce, "A bakin teku? Ai gishiri zai cinye ƙasan motar."

Ban nuna na ji daɗi ba. Na ci gaba da karantawa ina mayarwa da Hausa. Wai wasu daga cikin direbobin farko masu fasa-ƙwaurin barasa ne, sun ƙara wa injinansu ƙarfi don su tsere wa 'yan sanda, daga baya suka koma gwada junansu. Umma ta ce, "Na faɗa muku ba mutanen kirki ba ne." Baba ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin ya faɗi. Ya juyo ya ce, "Ci gaba, uwata."

Haka muka yi ta yi kullum bayan la'asar. Na karanta masa yadda aka bar yashi aka gina filin kwalta, aka karkata kwanoninsa kamar gefen kasko don mota ta sha kwana ba tare da rage gudu ba. Na karanta masa yadda motocin suka riƙa canzawa har ya zama fentin ne kawai yake kama da motar gida, cikin duk ƙarafa ne da keji. Wannan ya ɓata masa rai. Ya ce na da su ne motoci, waɗanda in an kawo masa Zahir zai buɗe ya gane komai.

Rannan na buɗe masa wani tsere na shekarun baya kaɗan, ni ma ban taɓa kallonsa ba. Sai muka ga motocin sun rabu biyu-biyu, kowace ta manna hancinta a bayan 'yar'uwarta tana tura ta, a haka suke zagayawa cikin mugun gudu. Baba ya tsuke fuska.

"Esh hada? Mene ne haka? Lalacewar har ta kai a riƙa tura mutum?"

Na duba bayanin na gaya masa. Biyun in sun haɗu sun fi mai tafiya shi kaɗai gudu nesa ba kusa ba. Na bayan ba ya ganin komai sai bayan motar da yake turawa, don haka na gaban ne yake gaya masa hanya ta rediyo. Shi kuma mai turin, iska ba ta samun lagiretonsa, in injinsa ya yi zafi sai su yi musanya, na gaba ya koma baya.

Ya karɓi wayar da hannun dama ya matso da ita kusa da idonsa. Ya daɗe yana kallo. Maganar arabiyyarsa tana kan harshena, ta cika min baki, Allah ya taimake ni na haɗiye ta. A rayuwata ban taɓa yin shirun da ya yi min wuya kamar wannan ba. Da tseren ya ƙare ya miƙo min wayar ya ce, "Ashe na gaban ba kaya ba ne. Shi ne ido." Ya kwanta.

Bayan kwana uku ya ce in kwashe darduman nan in kifa masa arabiyyar a gabansa. Ya juya tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana saurara, ya ce ta hagu tana cijewa, waɗanda suka haɗa ta ba su san aikinsu ba. Ya sa na kawo man keken ɗinkin Umma da sifana, ina riƙewa yana ɗaurewa. Umma tana tsaye a ƙofa ta toshe baki da mayafi.

Lokacin ana aikin faɗaɗa filin ɗawafi, an kafa wata gada ta wucin gadi mai zagaye a saman mutane, masu arabiyya suna bi ta kai. Muka je ranar wata Talata da la'asar sakaliya, cikin sanyin hunturu. Da na turo shi kan gadar, Ka'aba ta bayyana a ƙasa ta hagunmu, sai ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Kafaɗunsa kawai nake gani suna rawa, ni ma na ƙyale nawa hawayen suka zuba. Da ya share fuska da hularsa sai ya dubi gadar gaba da baya, ya ce a hankali, "Kada ki gaya wa Ummanki abin da wannan ta tuna min."

Muka fara daga saitin koriyar fitilar da ke nuna Hajarul Aswad. Ni gajeriya ce, ga cunkoso, rabin abin da nake gani hularsa ce. Yana addu'a yana ba ni hanya. "Rabbana atina... dama kaɗan, uwata, akwai tsohuwa. Bi bayan wancan ƙaton, shi zai buɗe mana. Shuwayya, shuwayya, a hankali, kada ki taka wa mutane dunduniya." Muryar da yake yi wa ma'aikatansa a gareji ce ta dawo, har wani mai turin arabiyyar haya ya waiwayo yana murmushi.

Abin da ban lissafa ba shi ne zagayen gada ya fi na ƙasa tsawo, ni kuma ina da asma tun ƙuruciya. A zagaye na biyar ƙirjina ya fara kuka. Na yi ta ɓoyewa, ina jan numfashi ta hanci don kada ya ji. Wa zan ɓoye wa? Muna gama na shida ya ɗaga yatsan nan nasa.

"Tsaya. Injinki ya yi zafi."

"Lafiyata ƙalau, Baba. Saura ɗaya."

"Khalas, ya isa, na ce ki tsaya. Matsa gefe, ki taka birki."

Na matsa jikin ƙarfen gadar. Ya dafa ya miƙe da ƙyar, ina riƙe da shi, ya ja ƙafa ya zagayo bayan arabiyyar ya kama mariƙin dama. Ya ce in ɗora masa hannun hagun a ɗaya mariƙin, na ɗora. Sannan ya ce, "Zauna."

"Ni? Baba, mutane suna kallo. Ƙatuwa da ni, tsoho yana tura ni?"

"In babu nauyi a ciki guduwa za ta yi ta kayar da ni. Zauna, uwata. Ni na shekara biyu ina jin kunyar mutanen nan, ba wanda ya zo ya tambaye ni."

Na zauna. Daga baya na tambayi wani malami hukuncin wannan zagayen nawa, ya ce in ina da shakka in sake ɗawafin, na kuwa sake. Amma a lokacin ba hukunci ne a raina ba, tsoro ne ya cika ni kada ya faɗi.

Ya tura. Taku ɗaya, ya ja ƙafar hagu, ya sake takawa. Da yake hannun dama ne kaɗai mai ƙarfi, arabiyyar sai ta riƙa karkata hagu da kanta, daidai yadda gadar take lanƙwasa. Na ji ya yi 'yar dariya a bayana cikin haki, ya ce, "Kin gani? Ko sitiyari ba ta so."

Mutane suna ta wuce mu ta dama, wasu suna cewa masha Allah, wata mata ta dafa kafaɗata ta wuce. Zagayen nan ɗaya ya ɗauke mu kusan abin da ukun farko suka ɗauka. Ina jin numfashinsa a kan mayafina, ina jin ƙarar ƙafar da yake ja. Da muka wuce rabi ya sunkuyo ya ce, "Ƙafafuna nake kallo, ba na ganin gaba. Ke ce ido yanzu. Gaya min."

Na share idona don in gani sosai. Na hango koriyar fitilar can gaba, bayan kawunan mutane.

Na ce, "Hanya a buɗe take, Baba. Saura kaɗan. Taho."