Kurkum a kan tabon Inna

A shekarata ta biyu ta karatu a Lyon na huda saman kunnena ba da sanin gida ba. Wurin ya warke, amma ya bar tsiro mai tauri kamar ƙwayar gujiya, ga ƙaiƙayi. Likita ta ce sunansa keloyid, ta fara yi mini allura a cikinsa duk wata.

Wata Ba'indiya da muke labo ɗaya, wato ɗakin gwaje-gwaje, ta ga ina yawan sosa wurin, sai ta kawo mini garin kurkum da wani gari mai ɗan ɗaci, irin na maganin gargajiyarsu, Ayurbeda.

"Zai iya rage miki ƙaiƙayi," in ji ta. "Amma kada ki bar allurarki."

Na haɗa maganin da allurar, tsiron ya lafa.

Da hutu na tafi Aubervilliers wurin yayar mahaifiyata, wadda nake kira Inna. Atamfa take sayarwa. Tana da irin wannan tabon a ƙirji tun aikin tiyatar da aka yi mata, kullum hannunta na cikin riga tana susa. Ina ɗaura kallabi ta hango kunnena.

"Ɗiyata, mi kika sa ya kwanta haka?"

Abokan cinikinta uku na zaune, duk suka juyo. Daɗin kallon ya ɗebe ni. Na ce maganin Indiya ne, na yi ta bayani kamar ni na haɗa shi. Allurar kuwa ban ambace ta ba, don na san Inna na tsoronta, kuma labarin ya fi armashi ba ita.

Ashe tana da randebu, wato ranar ganin likitan fata, a watan. Ta soke. Wata biyar tana shafa kurkum safe da yamma, rigunanta duk suka rine. Tabon ya ci gaba da faɗi, fatar gefensa ta yi ja. In ta kira ni sai ta ce, "Ko ban iya kwaɓawa ba ne?" Ni kuma in ce ta ƙara haƙuri.

Da na koma ta buɗe mini ƙirjinta a ɗaki, na kasa haɗa ido da ita.

"Inna, allura aka yi mini. Sau shida."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta mai da rigarta.

"Da kin faɗa, ai da na daure," ta ce. Ta tashi ta zuba mini shinkafa.

Sai da muka jira wata huɗu kafin a sake ba ta randebu. Na zo daga Lyon na raka ta. Da allurar ta shiga ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni, ban motsa ba. Tabon ya yi laushi daga baya, amma bai koma yadda yake ba. Har yau ba ta gaya wa mahaifiyata abin da na yi ba.