Lambar Jamus da Toka Ta Cinye

Shekara tara ke nan da rasuwar Baffa Sule, ƙanin mahaifina, mai gyaran agogo a Ƙofar Dumi. Allah Ya jiƙan sa. Bana kunya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Baffa mutum ne mai tara lambobin yabo na sojan Jamus. Abin ya samo asali daga mahaifinsu, kakana, wanda ya yi wa Jamusawa soja a Garwa ta ƙasar Kamaru kafin ya dawo Bauchi da lamba guda ta azurfa. Daga ita Baffa ya kamu, ya riƙa neman irin su wajen 'yan gwangwan da fataken Kamaru. Mu kuwa tsokanarsa muke yi, muna cewa Baffa ya auri ƙarfe.

Idan an kawo masa lambar nan mai siffar gicciye, sai ya kanga mata maganaɗisu. In ya kama tsakiyarta, ya duba gefe ya ga ɗinkin da ya haɗa azurfa da baƙin ƙarfen, sai ya gyaɗa kai. Ba ya sa su a leda, sai a farin ƙyalle, nesa da danshin damina. Dokarsa babba kuwa ɗaya ce: "Ɗana, kada ka goge. Wannan baƙin da kake gani ba datti ba ne, shekarunta ne."

Da ya ga yadda ake tallar lambobi a waya yanzu, jabu na ta walƙiya kamar 'yan kunnen amarya, na san tsaki kawai zai ja. Abin da ban sani ba shi ne me zai ce da ni.

Ni ya bar wa akwatin lambobin. Na kai shi gidana a Gwallameji, na tura ƙarƙashin gado, na ɗauka riƙon amana ke nan. Ban taɓa buɗe wa 'ya'yana ba, ban taɓa gaya musu ko waye kakan babansu ba. Kullum sai gobe.

Makon jiya 'yata Hafsatu ta zo daga gidan mijinta don taya mu shirin sadakar Baffa. Tana shara ta ci karo da akwatin. Ta ga lambar kakana ta yi baƙi ƙirin, sai ta yi mata abin da ake yi wa tasa da tukunya a gidanmu: toka da lemon tsami, ta dirje ta tas. Ta kawo mini a tafin hannu tana murmushi.

"Baba, ka ga na fito maka da ita."

Ta fito kam. Baƙin ya tafi, fuskar sarkin Jamus da ke jiki ta karce, darajarta a idon masana ta zube. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na ga laifin nawa ne. Laifin babba rowa, laifin yaro ƙiwa, kuma a nan ni na yi rowar. Baffa ya ba ni ƙarfe da labari, na adana ƙarfen na bar labarin yana ruɓewa a bakina.

Baƙin shekara ɗari ba zai dawo a rayuwata ba, wannan kam na haƙura. Na ce ta zauna, na jawo akwatin, na fara mata daga Garwa. Da na kai ga dokar Baffa, ta dubi hannunta da sauran toka a farce, ta ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"