Kwalekwalen da Ya Sha Inuwa

A shekarun da ake ta zancen jirgin ƙasa zai iso Gusau, ni hankalina yana kan wani kwalekwale ne na icen maɗaci, ɗan siriri, wanda ba ya ɗaukar fiye da mutum ɗaya. Mai shi wani tsohon masunci ne, baƙo daga ƙasar Kabi, da ya zauna a ƙauyenmu kusa da Bungudu. Bayan gari muna da tafki, in gulbi ya yi ambaliya da damina sai ya cika ya batse, bado ya rufe gefensa. Mu duka manoma ne, iyakarmu da ruwa gwiwa. Tsohon nan kaɗai ke ratsa shi da hantsi, yana tuƙi a hankali kamar ba shi da inda za shi. Na yi shekaru ina kallonsa daga gona ina haɗiyar yawu.

Da ya rasu, matarsa ta gama takaba ta fara shirin komawa danginta a Kwatarkwashi. Sai na ji wani Bafulatani ya taya kwalekwalen, wai zai riƙa jiƙa wa shanunsa kanwa a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya ratsa tafki shekara da shekaru ya ƙare a bakin saniya!

Matata ta ce, "Kai da ko iyo ba ka iya ba, mi za ka yi da jirgi? Dawar da za ka ba da, ɗiyanka su ci mi?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na sa hula na fita.

Na sami kwalekwalen a tsakar gidan marigayin ƙarƙashin rumfa, an ɗora shi kan duwatsu, an lulluɓe da sabuwar tabarma. Tsohuwar ta yaye tabarmar tana alfahari.

"Tun ran da malam yar rasu nis sa anka hiddo shi daga ruwa," in ji ta. "Rani guda ko raɓa ban bari ta taɓa shi ba."

Na sunkuya na duba cikinsa. Wata tsaga ce doguwa a gindin, ta cikinta ina hango ƙasa. Na sha ganin marigayi in rani ya yi yana loda wa jirgin duwatsu ya nutsar da shi a zurfi, don kada icen ya bushe ya tsage. Ita kuwa 'yar kan dutse ce, ba ta taɓa bin sa bakin ruwa ba. Yadda ake adana sirdi ko rigar salla, haka ta adana shi.

"Lahiya lau yake, ko?" ta tambaye ni.

Na daɗe ina shafa tsagar. In na saya, wataƙila na kai hatsin gidana ga itacen girki. In na bari, shanu. Na ɗago na ga idonta a kaina, sai na ce, "Na saya, Inna."

Muka ɗauke shi da ƙanena muka kai tafki. Na cusa tsumma a tsagar, na loda duwatsu, na tura shi har ruwa ya shanye shi. Ban san tsohuwar ta biyo mu ba sai da na ji salatinta.

"Ɗan nan, kashe shi kaka yi? Da na sani da Bahillacen nib ba!"

Na ce ta yi haƙuri, haka malam ke yi masa. Ta juya ta koma gida. A gida kuma matata ta daina yi mini magana sai da dalili, mutanen gari suka sa mini suna mai noma a ƙarƙashin ruwa.

Ranar da za ta tafi, jakinta a ɗaure da kaya, na roƙe ta ta biya ta tafki. Muka kwashe duwatsun, muka jawo shi, muka kwalfe ruwan. Icen ya kumbura, tsagar ta haɗe bakinta, sai ɗan tsattsafo. Na shiga, na zauna, ya ɗauke ni. Na yi ta juyawa wuri ɗaya don ban iya tuƙi ba, amma daɗin da na ji ranar har yau ban sake jin irinsa ba.

Da na samu na dawo gaci, ta matso ta dafa goshin jirgin.

"Ashe ƙishi shika ji," ta ce, "ni ko ina ta ruhe shi da tabarma."

Ta tsuguna ta kamfato ruwa da tafin hannunta ta zuba masa, ta sake zubawa. Sannan ta goge hannu da gefen zane ta bi jakinta.