Zoben Yistin Oddvar

Kullum da safe, kafin ya kurɓi kofi, sai Oddvar Seljeset ya leƙa ɗakin dahuwa ya duba zoben katakon da ke rataye a bango. A jikin zoben nan yistin gidansu yake bushe, gado tun daga kakan kakansa. Shekara arba'in, duk mai son koyon dafa giya daga tsabar sha'ir a kwarin nan wurinsa yake zuwa. Bakinsa kamar reza, amma hannunsa a buɗe yake. Oddvar, kai ne mai yi wa ɗalibi tatas da safe, ka sallame shi da kwalbar yisti da yamma.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi. Gwiwar hannun da yake tsomawa ya gane ko dafaffen ruwan tsiron sha'ir ya huce ta daina jin zafi da sanyi. Dole ya miƙa aikin ga 'yarsa Solfrid, wadda ta haura hamsin ba ta taɓa juya tukunyar ba. Tsoro ya hana ta sakat, don zoben ɗaya ne tak.

"Baba, bari in sayo ma'aunin zafi mana."

"Ma'auni? Da ma'auni kakarki ta yi nata? Tsoma hannu! In ya yi ɗumin madarar da aka tatso yanzu, shi ke nan."

Ta tsoma. Amma hannun da ya wuni gaban wuta bai san zafi ba. Ta jefa zoben a gangar giyar, ta ƙwala ihu cikinta kamar yadda ake yi don korar mutanen ɓoye.

"Wannan ihun naki ko kyanwa ba zai kora ba," in ji tsohon.

Kwana ɗaya, shiru. Kwana biyu, babu ko ɗigon kumfa. Sai ta gane: zafi ya kashe yistin. In ya tambaya daga kujerarsa, "Ya tashi?" sai ta ce, "Yana tafe, Baba."

Ta bi tsoffin ɗalibansa gida gida tana neman yistin da ya ba su. Duk sun koma amfani da na leda, na kanti. Kowace ƙofa ta rufe sai ta wuce ta gaba. Gida na ƙarshe shi ne na Borghild, tsohuwar da mijinta ya rasu. Ta tono wata kwalba daga ƙasan firji.

"Marigayi ya ce kada in kuskura in zubar. Shekara goma sha tara ke nan da ubanki ya cusa masa ita a aljihu, yana ce masa sakarai."

Solfrid ta dafa sabon ruwan tsiro, ta jira sai da ya huce sosai, ta zuba yistin kwalbar, ta yi ihun da ya tada karnukan maƙwabta. Washegari da rana kumfa ta rufe bakin ganga. Ta je gaban ubanta ta faɗi gaskiya, hawaye na zuba.

"Na sani," in ji shi. "Gwiwata ce ta mutu, ba hancina ba. Kwana biyu ni ma ban iya cin abinci ba. Me kike tsammani ya sa nake cusa wa mutane yistin nan?"

Mun gode, Oddvar. Mu ɗalibanka da muka yar da kwalabanka mun ji kunya. Wanda duk yake da abin gado a hannu, ya raba shi tun gwiwar hannunsa na gane zafi.