Tsamiyar Malam Habu tana bayan babur ɗina

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan aka kira ni daga Yako, wai Malam Habu ya rasu.

Tare muka yi koyarwa a Ƙiru. Shi ya koya min son bonsai, ƙananan bishiyoyin nan da ake raino a tukunya har su tsufa ba su wuce gwiwa ba.

Ni dai ba ni da haƙuri. Nawa duk sayowa nake yi a Kano, an gama gyara su, in ɗora hoto ku yi ta yabo. Shi kuwa sai ya hau babur har Doguwa ya haƙo kututture, ya dasa a fasasshiyar randa, ya zauna jira.

Duk wanda na sayo ya fara zubar da ganye, shi nake kai wa. Ya farfaɗo da shi ya dawo min da shi har gida, ko kuɗin mai ba ya karɓa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a gidansa, yana naɗa waya a reshen wata 'yar tsamiya. Ya ce, "Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Malam Sani."

Na ce, "Kafin wannan sandar ta yi kyau ai an daɗe da binne ka."

Dariya ya yi har da tari.

Yau da na shiga gidan na ga tsamiyar, wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai.

Bayan jana'iza ƙaninsa ya miƙo min tukunyar. Ya ce, "Yaya ya ce a ba ka. Wai ka cire wayar kafin ta ci jikinta."

Ni da ban taɓa rainon ko tsiro ɗaya ba. Ban san yaushe ake cirewa ba, kuma wanda zan tambaya shi muka baro a maƙabarta. Wanda ya sani a cikinku, don Allah ya koya min, kada ta mutu a hannuna.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya sa kabarinsa ya zama dausayin Aljanna. Ku sa shi a addu'a.