Tsohon da Ya Zo Shan Sanyi

A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta birnin Chongqing, Duan Weilin yana kallon wani tsoho zaune kan 'yar kujerar roba, singileti naɗe har saman tumbi, kwalbar shayi tsakanin ƙafafunsa. Jirgi ya zo ya wuce, bai ko motsa ba. Sanyin na'urar tashar ya zo sha. Wataƙila 'ya'yansa sun saya masa na'urar sanyaya ɗaki, tana can lulluɓe da ƙyalle.

"Samari, zauna mana," in ji tsohon. "An kunna wa jama'a, don me zan kunna tawa?"

Duan ya gyara jakarsa mai rubutun "Mu ceci duniya". Tasa na'urar tana kunne a gida tun safe saboda kyanwarsa, kyanwar kuwa ta fi son kwanciya a rana.