Katung da 'Yan Fadamarsa

Satin da Hansai ta sauka Landan, Malam Katung ya kafa mata dutse mai faɗi a lungun lambun bayan gida, don ta riƙa tsugunawa tana alwala. Bayan ta fita takaba ne ɗanta, Dakta Zailani, ya ɗauko ta daga Kano. Ta leƙa banɗakin gidan, ta ga wurin wanka da masai a ɗaki guda, ta ce ba za ta ambaci sunan Allah a nan ba. Sai ta ɗauki butarta ta sauka ƙasa.

Katung mutumin Kagoro ne, Kirista, yana tura keken marasa lafiya a babban asibitin Camberwell, shi ke zaune a ƙasan benen. A lokacin kuɗin man fetur ya buɗe a gida, 'yan Najeriya na zuwa da akwatuna wayam su koma da su maƙil. Shi kuwa abin da ya mallaka bai wuce wasu furanni masu ruwan hoda da ɗigo-ɗigo da ya shuka a lambun ba. Turawa na ce musu okid, shi yana kiran su 'yan fadama, don ba sa rayuwa sai ƙafarsu na cikin laima. Sanyi ba ya kashe su, sukan kwanta ne a ƙasa su tashi da bazara.

"Ana miya da su?" in ji Hansai.

"Ba a yi, Inna."

"Magani ne?"

"Kallo kawai."

Ta ce a ranta, namiji har da furfura yana noman kallo.

Shekarar saba'in da shida aka yi fari, har hukuma ta hana ban-ruwan lambu. Ciyawar maƙwabta ta koma kamar tabarma. Katung ya rame, in ya dawo aiki sai ya tsaya kan furannin kamar mai jinya. Na bakin katanga suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Na gindin dutse kuwa ko gezau.

Wata la'asar Hansai tana wanke ƙafa ta bi ruwan da ido, ta ga inda yake gangarawa. Ta dubi dutsen, ta dubi Katung.

"Malam Katung, ashe da ka kafa dutsen nan ba ni kaɗai ka tausaya wa ba."

Ya sosa ƙeya. "Inna, ladan ne ya kasu biyu."

"To, sai ka sani ba a almubazzaranci da ruwan alwala, ko a bakin kogi ne. Buta ɗaya ce, ba na ƙarawa."

Ya shiga lissafi da yatsu, tun daga asuba har lisha. Bai san alwala ɗaya kan ɗauki salloli da yawa ba, ita kuma ba ta gaya masa ba. Ya cire hularsa ya russuna.

"Don Allah Inna, kafin ruwan sama ya sauko, ki ɗan ƙara yawan nafila."